Mai Riƙe Igiyar Malam

Ƙas. Sai a ɗan yi shiru. Ƙas.

Ƙarar da na fara ji ke nan daga zaure wata Asabar bayan la'asar, ina zaune bakin murhu ina tsince shinkafa. Ban daɗe da tarewa a gidan Malam da ke Ƙofar Kibo ba, ban gama sanin sautukan gidan ba tukuna, har na ɗauka sakatar ƙyaure ce yara ke wasa da ita. Daga baya na san ƙugiya ce, wani ƙarfe mai baki da ake dannawa ya buɗe, a saki ya rufe da kansa. Ana gwada ta ne a ji ko bakin yana komawa da sauri. In ya yi nawa, ko ya tsaya a hanya, to an gama da ita.

Bayan ƙarar sai na ji dariya. Murya biyu ce, ɗaya baƙuwa, ɗaya ta mijina. Na ajiye tiren shinkafar na kasa kunne, don ban taɓa jin Malam ya yi irin wannan dariyar a cikin gida ba.

Aikin Malam hawa ne. Shi da abokin aikinsa suna ƙarƙashin wani ɗan kwangila, su ke wanke manyan tankunan ruwa, su kankare tsatsa, su shafa fenti, wani lokaci a kira su dogayen ƙarafunan rediyo su canza fitila. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne. Mutum ɗaya yana sama yana lilo a jikin igiya, ɗaya yana ƙasa riƙe da igiya ta biyu, wadda ita za ta tare na sama in ta farko ta ci amana. Yawanci Malam ne a sama, don shi ba shi da nauyi. Na ƙasa kuwa wani mutumin Wusasa ne, Kirista, wanda tun kafin a kawo ni gidan suke tare.

Suna da ƙa'ida ɗaya da ba sa ketawa, ba wanda ke duba kayan kansa. Malam ya ce ido yana yi wa mai shi ƙarya. Mutum in yana son ya hau gobe, sai ya ga igiyarsa lafiya lau ko da tana kuka. Saboda haka duk Asabar mutumin Wusasa zai zo a kan babur ɗinsa, su shimfiɗa tabarma a zaurenmu, su yi musayar jakunkuna. Igiya ba ta taɓa ƙasa, don yashi yana shiga cikinta ya ci ta ta ciki. Sai su riƙa jan ta ta tsakanin yatsu taƙi taƙi, su lanƙwasa, su matsa, suna neman inda ta yi tauri ko ta yi laushi fiye da 'yan'uwanta. Har shinshina ta suke yi, ko ta haɗu da fetur ko ruwan batir a bayan mota. In ta yi datti, da ruwa zalla ake wanke ta, a shanya ta a inuwar zaure, ba a rana ba. Daga nan sai ɗamarar da ake maƙala wa igiya, sai hular kwano, sai ƙugiyoyi.

Abina ɗaya ne ke shiga wannan zama, ɗan gwangwanin man keken ɗinkina. Malam zai leƙo ya ce, “Malama, a ara mana manki.” Malama yake ce mini don na yi sakandare. Su ɗiga wa kowace ƙugiya ɗigo guda, su goge, a dawo mini da shi. Sai kuma abinci da nake aika musu.

Ban taɓa ganin fuskar mutumin ba. Bai taɓa wuce zaure ba, ni kuma ban taɓa leƙawa ba, rabi don kunya, rabi don kada in nuna na damu. Amma na san tarinsa, na san yadda yake kashe babur tun daga bakin lungu ya turo shi da hannu don kada ya dami masu karatun allo. In ya gama cin abinci yakan ɗaga murya kaɗan ya ce, “A gaishe da mutanen gida, an gode.” Ba abin da ya taɓa yi mini sai mutunci. Shi ya sa abin ya fi ciwo, don ko ƙorafi na so in yi, ba ni da wurin kamawa.

Shekaru suka tafi a haka. Na haifi 'yata ta fari, ta yi wayo, ita ta koma kai musu kwano. Baban Wusasa take ce masa. Takan dawo da alewa a hannu da labari a baki, ta ce yau Baban Wusasa ya murɗe wa Baba kunne saboda ya bar ƙulli a igiya. Mijina, wanda ko ƙannensa ba sa zama kujera in yana tsaye, wani ya murɗe masa kunne yana dariya.

Wata Asabar na je ɗaukar tsintsiya kusa da ƙofar zaure na ji baƙuwar muryar tana cewa, “Jirin nan bai sake dawowa ba dai ko?” Malam ya ce a'a, tun wancan karon. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Wane jiri? Wane karo? Ashe watanni da suka wuce jiri ya taɓa kama Malam a saman tanki, mutumin ya sauko da shi a hankali, ya zaunar da shi a inuwa, ya hana shi hawa har mako ya zagayo. A wannan makon Malam ya ce mini fenti ne ya ƙare. Ni da nake kwana da shi ɗaki ɗaya, nake tashi tun kafin asuba in roƙa masa tsari, nake bin bayansa da addu'a har sai na daina jin takunsa a lungu, ni aka ce wa fenti ya ƙare.

Da na yi masa maganar ya ce, “In na faɗa miki me za ki yi? Kuka za ki yi, ki sa ni ma in ji tsoro.”

“Shi fa?”

“Shi aikinsa ne ya sani.”

Da azumi ma haka. Mutumin Wusasa ke karɓar hawan rana, ya bar wa Malam na safe, tunda shi ba ya azumi. Na san alheri ne, nakan sa masa albarka a raina, amma albarkar takan fito da ɗaci kamar an jiƙa ta da maɗaci. Na yi ta istigfari a kan haka. Nakan ce wa kaina, ke wace irin mace ce, mutum yana tsare miki miji kina jin haushinsa? Zuciyar ta ce, to me ya sa shi ne, ba ke ba?

A wata damina rufin zaure ya fara yoyo, Malam ya shigo da jakar kayansa ɗakina ya rataye ɗamarar a ƙusa. Ya tafi ƙauye gaisuwar rasuwa. Ina shara na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan wurin da zoben ƙarfe yake zaune a jikin ɗamarar. Ɗamarar shuɗiya ce, an ɗinke ta da farin zare, kuma a daidai wurin farin zaren ya yi gashi gashi, wasu ɗinkin har sun fara tashi. Gabana ya faɗi. Nan ne fa duk nauyinsa yake rataya.

Sai kuma wani abu mai kama da murna ya biyo baya. Ga abin da na iya. A makaranta ba wadda ta kai ni ɗinkin hannu, malamarmu har yawo take yi da aikina aji aji. Na aika aka karɓo mini basilla wajen dukawa, da zare mai ƙarfi irin na takalmi, na sa aka nemo shuɗi daidai launin ɗamarar don kada ya yi muni. Na goga masa kakin zuma. Na zauna na bi wurin layi bisa layi, ina huda ina ja har yatsuna suka yi ja, kowace huda da bismillah. Da na gama, farin zaren da ya tsufa ya ɓace ƙarƙashin nawa, sai ka rantse daga kamfani ta zo haka. Na mayar da ita ƙusarta, ban faɗa wa kowa ba. Ina so ne ranar Asabar mutumin ya duba ya ce lafiya lau, sannan in gaya wa Malam hannun wa ya riƙe shi.

Asabar ta zo. Na dafa tuwon shinkafa da miyar taushe, na ja kujerata kusa da ƙofar zaure kamar mai neman inuwa. Ƙas, ƙas, ƙugiyoyi suka wuce. Hira tana tafiya. Sai ta tsaya cak.

“Wa ya taɓa wannan?”

Ban ji amsar Malam ba. Na ji an yi ƙasa da murya, na ji motsi, sannan na ji wani sauti kamar ana yanka busasshiyar fata. Ba a jima ba Malam ya shigo da ɗamarar gida biyu, guntu a kowane hannu. An yanke ta daf da ɗinkina.

Na ce, “Ɗinkin ne bai yi ba?”

“Ɗinkin ya yi kyau, Malama. Kyansa ne ma ya ja.” Ya zauna bakin gado ya nuna mini. “Kin ga da gangan suka sa fari a kan shuɗi, don ranar da zaren ya fara mutuwa a gani. Kin rufe shi. Sannan duk inda basilla ta shiga ta tsinka zaren jikin ɗamarar. Ba a yi wa wannan kaya gyara. In ya gaji, ya gaji.”

“To ai da sai a ce a warware.”

“Hudar fa? Ita ma a warware ta?”

“Shi bai iya aiko da magana ba sai da wuƙa? A gidana, aikin hannuna?”

“Ƙa'ida ce. Abin da aka soke, a take ake yanka shi, kada wani ya tsinta ya hau da shi.”

“Kai kuma kana zaune kana kallo.”

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, “Ni na miƙa masa wuƙar.”

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na juya na fita tsakar gida na hau wanke tukunyar da na riga na wanke. Na fahimci bayaninsa sarai, ban yi karatun banza ba. Amma fahimta daban, abin da ke cin rai daban. Ni na fara ganin zaren ya mutu, kafin shi. Wannan ba wanda ya faɗa.

Asabar ta gaba na yi niyyar kada in aika abinci. Na kasa. Na ce to zan aika ba nama, shi ma na kasa, don ba a hora baƙo da ciki. A ƙarshe yaji kawai na hana, wanda na san yana so, don kullum ƙaramin kwanon yakan dawo a share. 'Yata ta dawo da saƙo.

“Umma, Baban Wusasa ya ce miya ta yi daɗi, wai ko yaji ya yi tafiya ne, a gaishe shi in ya dawo. Kuma wai in ce miki bai taɓa ganin ɗinki mai ƙarfin naki ba, wai sai da hannunsa ya yi zafi.”

Na ce ta je ta wanke hannu. Yabon da ya zo bayan wuƙa, me zan yi da shi?

Da aka ba Malam sabuwar ɗamara, na same shi bayan ya ci abinci na ce ya koya mini dubawa. Na ce ido gare ni, hannu gare ni, kuma duk duniya ba wanda ya fi ni son ya sauko lafiya. Bai musa ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda inuwar katanga ta faɗo, ya zazzage igiyar, ya ɗora mini bakinta a tafin hannu. Ta fi yadda nake zato nauyi, tana warin ƙarfe da gumi. Na fara ja kamar yadda na ji suna yi. Ban yi nisa ba na tsaya.

“Nan ta yi gashi.”

“Wannan ba komai, gogar baya ce. Ci gaba.”

Na ci gaba. “Nan fa? Kamar ta fi laushi.”

Ya matsa ya ce lafiyarta lau.

“Nan launinta ya canza.”

“Fenti ne ya ɗiga, kuma an duba shi tuni.”

Kafin mu kai rabi na soke igiyar ya fi a ƙirga. Malam ya yi ta dariya har da riƙe ciki, irin dariyar zaure, yau ga ta a tsakar gidana, amma ni ake yi wa. Ya ce, “In na bi ta taki, sai dai in nemi faifai in koma sayar da goro a bakin kasuwa.”

“Da me goron ya rage ka? Masu goro a gadonsu suke mutuwa.”

Sai ya daina dariyar. Ya naɗe igiyar a hankali a kan gwiwar hannunsa, ya ce, “Kowa zai iya cewa kada ka hau. Mai dubawa shi ne wanda zai taɓa kaya ya ce hau, kuma gobe ya tsaya a ƙasa ya riƙe. Ke za ki iya ce mini hau?”

Na buɗe baki in ce zan iya. Maganar ta ƙi fita. Ya ɗauki jakarsa ya mayar zaure, don an gyara rufin.

Na kwana biyu ina juya maganar. Na ce a raina, wato shi ya fi ni ke nan don zuciyarsa ba ta rawa, kuma ba ta rawa ne don ba mijinsa ba ne, ba uban 'ya'yansa ba ne. In Malam ya faɗo, Allah ya kiyaye, shi zai yi baƙin ciki ya nemi wani abokin aiki, ni ce zan shiga takaba. Da wannan na riƙa rarrashin kaina. Duk da haka ina so in ga mutumin nan da idona, ko sau ɗaya. Gani ya kori ji.

Dama ta samu da aka yi suna a gidan 'yar'uwata a Ƙofar Gayan. Malam ya ba ni izini tun da safe kafin ya fita, kuma na san a makon suna fentin wani tanki a wannan shiyyar. Akwai hanya mai sauƙi zuwa gidan sunan. Na kama hannun 'yata muka bi mai nisa.

Tun daga nesa na hango tankin a kan dogayen ƙafafunsa na ƙarfe, rabinsa sabon fenti yana ƙyalli, rabi tsatsa. A gefensa, can sama inda shirwa ke shawagi, wani abu ƙarami yana rataye kamar gizo a zarensa. Sai da na ga hular kwanon na yarda mijina ne. Shekara da shekaru ina jin ana cewa hawa, ban taɓa sanin nisan ya kai haka ba. A ɗaki ina ganinsa babban mutum.

'Yata ta ja hannuna. “Ga Baban Wusasa can.”

Gajere ne, kakkaura, da sanƙo da tsohuwar riga da ta koɗe. Ba haka na zana shi a raina ba, na ɗauka dogo ne mai kwarjini. Ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, igiya ta bi ta wani ƙarfe a ƙugunsa ta wuce sama, hannayensa biyu a kanta, wuyansa a karye baya, fuskarsa tana kallon sama. Rana tana dukan idonsa, gumi yana gangara masa har cikin kunne, bai share ba. Wani mai tura kura ya yi masa sannu da aiki, ya amsa da baki kawai. Ƙuda ya sauka a leɓensa, ya hure shi.

'Yata ta ɗaga murya ta gaishe shi. Ya gane ta, na ga kumatunsa sun motsa, amma bai juyo ba. Ya ce, “Tsaya daga can, 'yata, kada ki matso ƙarƙashi. Ke da wa?”

“Ni da Umma.”

“Sannu da zuwa, uwargida. Ki yi haƙuri, ba zan iya juyowa ba.”

Na amsa a hankali, ban san ko ya ji ba. Na zo in ga fuskarsa, abin da na samu haɓarsa ce da maƙogwaronsa. Yana sakin igiya kaɗan, yana ja kaɗan, tun kafin Malam ya motsa ya san zai motsa. Ba wanda ya kira wani. Ban taɓa kallon mijina haka ba, ban kuma taɓa ganin wani ya kalli wani haka ba, kuma a nan tsaye a bakin hanya, da mayafina da kwanon barka a hannu, kishin ya taso mini har wuya, ya fi na ranar wuƙa.

Na ce to ni ma bari in kalla. Na ɗaga kai. A daidai lokacin Malam ya gama inda hannunsa ke kaiwa, ya tokare tankin da ƙafa ya tura kansa baya don ya koma gefe. Jikinsa ya rabu da ƙarfen, ya yi lilo a fili, ba komai a ƙarƙashinsa sai iska da rufin gidajen mutane, bokitin fenti yana reto a ƙugunsa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, ina jan duk addu'ar da ta zo bakina. Na sake gwadawa, na kai idona tsakiyar ƙafafun tankin, na kasa wucewa. Ban san na matse hannun yarinyar ba sai da ta yi motsi.

Ta dubi fuskata, ta dubi sama, ta dubi mutumin da ko gezau bai yi ba. Sai ta matso ta jingina da zanena, ta yi magana irin yadda nake yi mata in za a yi mata allura.

“Umma, in kina jin tsoro ki rufe idonki kawai. Baban Wusasa yana kallon mana shi.”